Allurar Sinawa a Ma'aunin Kimiyya: Inda Take Aiki da Inda Ƙarfinta Ya Ƙare

A watan Satumba na 2007, wata fitacciyar mujallar likitoci ta Amurka, Archives of Internal Medicine, ta buga sakamakon wani bincike daga Jamus wanda ya girgiza masu yabon allurar Sinawa da masu sukarta baki ɗaya. Likitoci sun ɗauki mutum 1,162 masu fama da ciwon baya, ciwon da a matsakaici ya shafe shekara 8 yana cin su, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko aka tsira musu siraran allurai a daidai gurabun da littattafan likitancin Sin suka tsara. Na biyu aka ɗan soka musu allurai sama-sama, a wuraren da babu su a kowane littafi. Na uku aka bar su a kan abin da asibiti ya saba bayarwa: ƙwayoyin rage zafi, gashi da motsa jiki.

Bayan wata shida aka duba. A rukunin allurar gaske, kashi 47.6 cikin 100 sun samu sauƙi. A rukunin allurar bogi, kashi 44.2. A rukunin maganin asibiti kuwa, kashi 27.4 kacal. Wato allura ta kusa ninka maganin da aka saba, amma wadda aka soka bisa ƙa'ida ba ta yi wa wadda aka soka ko'ina wani fifikon a zo a gani ba. Tambayar da wannan sakamako ya haifar ita ce har yau take jan ragamar binciken wannan fanni: idan marar lafiya ya samu sauƙi, me ya kawo sauƙin?

Daga fadar sarakunan Sin zuwa ɗakin gwaji

Jinyar da ake magana a kanta, wadda duniya ta sani da akufanca, ba allura ce mai ɗauke da ruwan magani ba. Ƙarfe ne siriri, bai fi gashin kai kauri da yawa ba, ana tsira shi a fata a bar shi kamar minti 20 zuwa 30, wani lokaci a murza shi da yatsa ko a haɗa masa ƙaramar wutar lantarki. Tushen iliminta yana cikin littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A fahimtar littafin, wani ƙarfin rai da suke kira ci yana zagaya jiki ta wasu hanyoyi, ciwo kuma yana zuwa ne idan hanyar ta toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabu 361 da ake sokawa.

Ko a ƙasar Sin ba kullum take da daraja ba. A 1822 Sarki Daoguang ya cire ta daga makarantar likitocin fada, a 1929 kuma gwamnatin lokacin ta yi yunƙurin soke likitancin gargajiya gaba ɗaya. Gwamnatin Mao Zedong ce ta farfaɗo da ita a shekarun 1950, lokacin da ƙasar ke da ɗimbin jama'a da ƙarancin likitocin zamani. Daga 1963, da Sin ta fara aika tawagogin likitoci zuwa Afirka tana farawa da Aljeriya, allurar ta biyo su cikin jakunkunansu.

Shahararta a Amurka ta zo ne ta hannun ɗan jarida. A watan Yuli na 1971, James Reston na jaridar New York Times ya kamu da ciwon afendis a Beijin. An yi masa tiyata da maganin kashe zafi na asibiti, daga baya kuma da cikinsa ya dame shi aka tsira masa allurai, ya ce ya ji sauƙi. Labarin da ya rubuta, haɗe da ziyarar Shugaba Nixon zuwa Sin a 1972, ya sa Amurkawa suka yi ca a kanta. A 1997 wani kwamitin masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka ya ce akwai alamun nasara a kan tashin zuciya bayan tiyata ko bayan maganin kansa, da ciwon haƙori bayan aiki, tare da kira a yi bincike mai inganci a kan sauran.

Wahalar auna allura

Gwada ƙwayar magani abu ne mai sauƙi. Sai a yi wata ƙwaya ta gari zalla mai kama da ta gaske, a raba wa marasa lafiya biyun, ba mai sha ba mai bayarwa da ya san wace ce wace. Da allura kuwa, a nan gizo ke saƙar. Ta yaya za ka sa mutum ya yarda an soke shi alhali ba a soke shi ba? Ta yaya kuma za ka ɓoye wa mai sokawar abin da hannunsa ke yi?

A 1998 wani likita a birnin Haidalbag na Jamus, Konrad Streitberger, ya ƙirƙiro allura mai dakusasshen baki wadda ke komawa cikin mariƙinta idan an danna. Marar lafiya zai ji tsini, zai ga kamar ta shige, amma fatarsa ba ta hudu ba. A Siyatil ta Amurka, Daniel Cherkin da abokan aikinsa sun yi amfani da abin da ya fi wannan sauƙi. A bincikensu na 2009 a kan mutum 638 masu ciwon baya, rukuni ɗaya tsinken sakace aka riƙa danna musu a baya suna kwance rub da ciki. Bayan mako takwas, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura sun samu sauƙin zirga-zirga, haka ma na rukunin tsinken sakace, alhali a rukunin da aka bari da kulawar da aka saba kashi 39 ne.

Masana sun rabu biyu a fassarar wannan. Masu suka, irin su David Colquhoun na Landan da Steven Novella na Jami'ar Yale, sun rubuta a 2013 cewa ai magana ta ƙare: idan gurbi ba shi da tasiri, huda fata ma ba ta da shi, to abin da ya rage tsammanin waraka ne kawai da aka yi wa ado. Masu kare ta suka ce tsinken da ke danna fata shi ma yana motsa jijiyoyi, don haka ba bogi ne tsantsa ba, kuma kwatanta su biyun kwatanta ƙaramin magani ne da babba. Kowane ɓangare yana da hujja, shi ya sa aka koma ga ƙididdiga mai yawa.

Inda shaida ta fi nauyi

Aiki mafi girma a wannan fanni shi ne na Andrew Vickers, masanin ƙididdiga a cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke Niyu Yok. Shi da tawagarsa sun karɓo bayanan kowane marar lafiya ɗaya bayan ɗaya daga gwaje-gwajen da suka fi inganci. A 2012 sun haɗa gwaji 29 da mutum 17,922, a 2018 suka faɗaɗa zuwa gwaji 39 da mutum 20,827, duk a kan ciwo mai daɗewa na baya, wuya, kafaɗa, gwiwa da kai. Sun tarar allurar gaske ta fi ta bogi, amma da tazara kaɗan, ta kuma fi rashin allura da tazara mai ɗan dama. A lissafinsu na 2012, idan aka ɗauki raguwar ciwo da rabi a matsayin nasara, kusan mutum 50 cikin 100 ne ke samunta da allurar gaske, kusan 42 da ta bogi, 30 kuma ba tare da allura ba. Rahoton 2018 ya ƙara da cewa sauƙin ba ya gushewa nan da nan: bayan shekara guda, kusan kashi 15 cikin 100 na tasirin ne kawai ya ragu.

A kan ciwon ɓarin kai, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba gwaji 22 da mutum 4,985 a 2016. Ta sauƙaƙa sakamakon kamar haka: mutumin da ciwon ke kama shi kwana shida a wata, zai koma kwana biyar da kulawar da aka saba, kwana huɗu da allurar bogi, kwana uku da rabi da ta gaske. Da ƙwayoyin rigakafin ciwon kuwa zai koma kwana huɗu, kuma masu daina allura saboda illa ba su kai masu daina ƙwayoyin ba. Ga wanda ya san yadda wannan ciwo ke kwantar da mutum a ɗaki mai duhu, rage kwana biyu da rabi a wata ba ƙaramin abu ba ne.

Tashin zuciya da amai bayan tiyata shi ne wani fagen. Akwai gurbi a cikin hannu, kamar faɗin yatsu uku sama da wuyan hannu, wanda aka fi kowanne bincika. A 2015 Cochrane ta tattara gwaji 59 da mutum 7,667, ta ga motsa wannan gurbi ya fi bogi rage tashin zuciya, kuma bai gaza magungunan hana amai ba, duk da ta yi gargaɗin cewa yawancin gwaje-gwajen suna da rauni a tsarinsu. Haka kuma a 2018 mujallar JAMA ta buga gwajin mata 226 masu kansar mama waɗanda maganin da suke sha ke sa musu ciwon gaɓoɓi. Allurar gaske ta fi ta bogi rage ciwon, ko da yake masu binciken da kansu sun ce tazarar ba ta da yawa.

Ciwon gwiwa kuwa shaidarsa ta rarrabu. Gwajin Jamus na 2006 a kan mutum 1,007 ya maimaita abin da aka gani a ciwon baya: kashi 53.1 da allurar gaske, 51.0 da ta bogi, 29.1 da maganin asibiti. Wani gwaji a Ostireliya a 2014, mai mutum 282, bai ga fifikon allurar gaske a kan jinyar bogi ba.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Duk abin da aka lissafa zuwa yanzu abu ne da marar lafiya ke ji ya faɗa da bakinsa: zafi, jiri, tashin zuciya. Da aka koma ga abin da ake iya ƙirgawa ko aunawa da na'ura, sai labari ya sha bamban.

Rashin haihuwa shi ne misali mafi zafi, domin nan ne mutane suka fi kashe dukiya da sa rai. A 2018 Caroline Smith da tawagarta sun buga gwajin mata 848 a Ostireliya da Niyu Zilan, waɗanda ake yi wa dashen ƙwan haihuwa. Cikin waɗanda aka yi wa allurar gaske, kashi 18.3 cikin 100 suka haifi ɗa mai rai. Cikin na bogi, kashi 17.8. Shekara guda kafin wannan, likitocin Sin da kansu, ƙarƙashin Wu Xiaoke, sun gwada mata 1,000 masu matsalar da ke hana ƙwai fita a kan kari. Allurar gaske ta ba da haihuwa kashi 21.8, ta bogi kashi 22.4. Abin da ya yi aiki a wannan gwajin shi ne tsohon magani mai araha, kulomifin, wanda ya ba da kashi 28.7 a kan 15.4 na ƙwayar bogi.

Gwajin asma na 2011, wanda Michael Wechsler da Ted Kaptchuk na Jami'ar Habad suka buga a New England Journal of Medicine, ƙarami ne, mutum 46, amma darasinsa ya fi girmansa. An riƙa ba kowane marar lafiya abu huɗu a lokuta daban-daban: maganin shaƙa na gaske, na bogi, allurar bogi, ko zaman jira kawai. Da aka tambaye su, sun ce sun samu sauƙin kusan kashi 50 da maganin gaske, 45 da na bogi, 46 da allurar bogi. Da aka sa su hura na'urar auna numfashi, maganin gaske ne kaɗai ya buɗe huhu da kashi 20, sauran ukun kusan kashi 7. Mutum na iya jin ya warware alhali hanyar numfashinsa tana nan a matse. Tamkar ka rarrashi yaro ya daina kuka ne, ƙayar kuma tana nan a ƙafarsa. A ciwo irin asma, hawan jini, sukari ko kansa, irin wannan jin daɗin zai iya jinkirta maganin da rai ya rataya a kansa. Haka ma barin shan taba: nazarin Cochrane na 2014 bai samu tabbatacciyar shaida ba cewa allura na taimakawa na dogon lokaci.

Me ke faruwa a jiki?

Har yau babu mai fiɗa ko na'urar ɗaukar hoto da ta gano hanyoyin da tsofaffin littattafai suka zana. Amma an gano wasu abubuwa na zahiri. A 1976 Bruce Pomeranz na Jami'ar Toronto ya nuna cewa idan aka ba ɓeraye maganin da ke toshe sinadaran rage zafi na jiki, tasirin allura yana ɓacewa. Han Jisheng na Beijin ya shafe shekaru yana nuna yadda saurin bugun lantarki ke sauya irin sinadarin da jiki ke saki. A 2010 masu bincike a Jami'ar Rocasta ta Amurka sun ga sinadarin adenosin yana ƙaruwa a wurin da aka murza allura, a 2021 kuma tawagar Ma Qiufu a Habad ta gano wasu jijiyoyi a ƙafar ɓera waɗanda motsa su da lantarki ke rage kumburi a jiki. Yawancin waɗannan a dabbobi ne, kuma abin da suke nunawa aikin jijiya ne.

Sauran rabin amsar yana wurin ɗan Adam. A 2008 Kaptchuk ya raba mutum 262 masu ciwon hanji mai yawan murɗa gida uku. Na farko jira kawai suka yi. Na biyu an yi musu allurar bogi ba tare da wata hira ba. Na uku allurar bogin ce dai, amma mai yin ta ya zauna da su minti 45 a haɗuwar farko, ya saurari kukansu, ya tambaye su yadda ciwon ke shafar rayuwarsu. Waɗanda suka ce sun samu isasshen sauƙi: kashi 28, da 44, da 62. Babu wanda aka huda fatarsa. Sauraro da taɓawa da lokaci suna da nauyin da ake iya aunawa, kuma su ne asibitin da likita ɗaya ke duba layin mutane tun safe har la'asar ya fi rasawa.

Abin lura wajen karanta sakamako

Akwai dubban takardun bincike a kan allurar Sinawa, amma yawa ba shi ne inganci ba. Tun a 1998 Vickers ya duba gwaje-gwajen da aka buga, ya tarar duk waɗanda suka fito daga Sin, Japan, Hon Kon da Taiwan sun ce allura ta yi aiki, ba ko ɗaya da ya ce akasin haka. Babu maganin da ke cin kowane gwaji, don haka wannan alama ce ta cewa ana danne sakamakon da bai yi daɗi ba. Al'amarin ya fara sauyawa. Manyan gwaje-gwajen Sin da suka biyo baya sun fi tsari, kamar na 2016 a kan mutum 1,075 masu tsananin taurin bayan gida, inda allura mai lantarki ta ninka ta bogi. Duk da haka, ana jiran a maimaita irin waɗannan a wasu ƙasashe kafin a sakankance.

Hukumomin lafiya ma ba su yi baki ɗaya ba. Jamus ta sa inshorar lafiya ta fara biyan kuɗin allura daga 2007, amma don ciwon baya da na gwiwa kaɗai. Hukumar NICE ta Ingila ta amince da ita don ciwon baya a 2009, ta janye a 2016, ta yarda da ita a 2021 don ciwo mai daɗewa wanda ba a gano sababinsa ba, sannan ta hana ta don amosanin gaɓoɓi a 2022. Inshorar tsofaffi ta Amurka ta fara biya a 2020 don ciwon baya, zama 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 idan an ga sauƙi. Shaidar da suka duba kusan guda ce. Bambancin yana ga tambayar da kowa ya sa gaba: mai tambayar ko ta fi bogi zai ga ƙaramar tazara, mai tambayar ko ta fi abin da marar lafiya ke samu yanzu zai ga babba.

Haɗari da kariya

A hannun wanda ya ƙware, illarta ba ta da yawa. Claudia Witt ta Balin ta bi diddigin mutum 229,230 da aka yi wa zama sama da miliyan 2. Kashi 8.6 cikin 100 sun ba da rahoton wata illa, mafi yawa ɗan jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata. Mutum biyu allura ta huda musu huhu. Waɗannan alƙaluma na likitocin Jamus ne masu horo, masu amfani da allura sau ɗaya su jefar. Inda ake maimaita allura daga jiki zuwa jiki, ƙofar ciwon hanta da ƙanjamau a buɗe take. Mai shan maganin tsinka jini, mai juna biyu, da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wajibi ne su tuntuɓi likitansu tukuna.

Ga wanda aka yi wa tayin wannan jinya, ma'aunin da bincike ya bayar a fili yake. Idan ciwon baya ne, ko wuya, ko ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma likita ya duba ya tabbatar babu wata cuta a ƙarƙashinsa, gwadawa na 'yan makonni ba laifi ba ne, musamman idan zai rage dogaro da ƙwayoyin kashe zafi masu kama jiki irin su tiramadol. Idan babu sauyi bayan zama shida zuwa goma, a dakata. Duk wanda kuwa ya ce allurarsa na kawo haihuwa, ko tana warkar da sukari, kansa ko asma har a ajiye maganin asibiti, ya faɗi abin da manyan gwaje-gwaje ba su goyi bayansa ba.

Akwai kuma abin koyi da ya wuce allurar kanta. Likitocin Sin da suka gwada gadon kakanninsu a kan mata 1,000, suka ga bai kawo haihuwa ba, suka kuma buga hakan duniya ta karanta, sun yi wa marasa lafiyarsu adalci, sun kuma ƙara wa sauran bincikensu daraja. Mu ma muna da namu gadon: ƙaho, ɗori, tsaga da sassaƙe-sassaƙen da miliyoyin mutane ke dogaro da su. Auna abu ba raina shi ba ne. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai suna da likitoci da masana ƙididdiga da za su iya zama da wanzamai da maɗora, su raba marasa lafiya ta ƙuri'a, su rubuta abin da suka gani ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ta haka ne za a san wane ciwo ƙaho ke sauƙaƙawa, sau nawa ya kamata a yi shi, da kuma lokacin da ya wajaba a ce wa marar lafiya ya nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.